A ina zan samu sifanu masu ƙarko a Legas?

Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan'uwa makanikai. Shawara nake nema.

Bana maigidana ya yaye ni bayan shekara biyar a garejinsa a Agege. Na samu ɗan fili na kafa rumfa, amma kayan aiki sun tsaya mini a wuya. Na sayi saitin soket da sifanu a hannun wani mai talla, suna ta ƙyalli, har da Cr-V, wato alamar ƙarfe mai ƙarfi, rubuce a jiki. Ran nan ina kwance ƙarƙashin wata Corolla, na ɗora sifana lamba 17 a kan noti, ina dannawa bakin ya buɗe, ya cinye kan notin, yatsuna suka daki ƙarfe. Mai motar na tsaye yana kallona. Wallahi kunyar ta fi ciwon.

Yanzu kullum sai na aika yaro aro wajen maƙwabci, har ya fara ɗaure fuska.

Ba da yawa nake nema ba: lamba 10, 12, 14, 17 da 19, tunda yawancin motocin da nake taɓawa na Japan ne, sai rachet (hannun juya soket) mai kyau da filaya. Wasu sun ce in shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo in tsinci na Baljiyam, wato na hannu, ɗaya-ɗaya, wai tsohon kayan kamfanin Gedore ko Stanley ya fi sabon kwali. Wasu kuma sun ce kasuwar Owode Onirin ta fi sauƙi.

To yaya ake gane na asali a hannu? Nauyi ake dubawa ko rubutun? Kuɗina ba su kai in sake yin asara ba. Wanda ya san hanya, don Allah ya taimaka.