Neman Kalma: Me Za Mu Kira Injin Rotari na Mazda RX-7 da RX-8?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman sunan Hausa ga injin da kamfanin Mazda ya sa wa motocinsa na gudu RX-7 da RX-8, wanda Turawa ke kira rotari. Bayani nake rubutawa domin matasanmu da ke ganin waɗannan motoci da araha a intanet suna ɗokin a shigo musu da su ta Kwatano, sai na tsaya cik, don duk kalmomin gareji da muke da su na injin fistin ne. Shi kuwa wannan ba shi da fistin, ba shi da bawul, ba shi da silinda.

Abin da ke cikinsa wani ƙarfe ne mai kusurwa uku, gefensa a ɗan kumbure, yana zagaye a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Kowane gefe cikin ukun zai zuƙi iska da fetur, ya matse su, fulogi ya ba da wuta, sannan ya tura hayaƙi waje. Kafin ƙarfen ya gama zagaye ɗaya, sandar injin ta juya sau uku. Injin RX-8, wanda ake kira 13B, yana da irin wannan ƙarfe guda biyu, kowanne cc 654, wato 1,308 gaba ɗaya. Da wannan ɗan ƙaramin ciki RX-8 mai giya shida ke fitar da ƙarfin doki wajen 230, allurarta kuma ta kai juyi 9,000 a minti.

Sunaye uku ke raina: injin juyi, injin mazari, ko injin Wankel da sunan Bajamushen da ya ƙirƙiro shi. Wanne ya fi?

Malamar Hausa, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Injin juyi ya fi sauƙi a baki, amma bai bambanta komai ba. Wane inji ne ba ya juyi? Na niƙa ma juyi yake. Ni da na karkata ga sunan mai ƙirƙira, tunda muna da misali a hannu: dizal sunan Rudolf Diesel ne, kuma ya zauna daram a Hausa ba wanda ke jin baƙo ne.

Bakanike, Kaduna:
Malama, a yi haƙuri, Wankel ba zai kwana biyu a gareji ba zai koma wanki. Ki ce wa yaro ya je Panteka ya tambayo kayan injin Wankel, wallahi wajen masu injin wanki za a nuna masa. Wannan ba zai yiwu ba.

Mazari ma ban yarda ba, kuma dalilina na aiki ne. Mazari a wuri ɗaya yake juyawa a kan tsininsa. Wannan ƙarfen kuwa yana juyawa yana kuma kewayawa a lokaci guda, don sandar da yake kai tana da wani doro da ya kauce daga tsakiya. Wannan kewayawar ce ke sa ɗakin wuta, inda fetur ke ƙonewa, ya buɗe ya kuma tsuke. Wanda ya ɗauka juyi ne kawai ba zai taɓa gane inda matsi ke fitowa ba, balle inda yake zurarewa. Kuma a bakin Bahaushe mazari rawar jiki yake nufi, alhali wannan inji laushin tafiya gare shi ƙwarai.

Malamar Hausa, Zariya:
Na karɓi gyara, Oga. To tunda siffar ƙarfen ce ta raba shi da kowane inji, me zai hana mu sa suna daga nan? Muna da alwatika, kalmar da yaran firamare ke koyon siffa mai kusurwa uku da ita. Injin alwatika. Ƙarfen kansa ya zama alwatika, inda yake zagaye ya zama gidan alwatika.

Mai tambaya:
Malama, wannan ta shige ni. Abin da ya fi burge ni shi ne sunan da kansa yana nuna wa mai saye inda kuɗinsa za su tafi. Alwatika tana da tsini uku, kuma kusan duk tarihin wahalar wannan inji a kan tsinin nan yake.

A bakin kowane tsini akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar bangon gidan, shi ke hana matsin wannan ɗaki tsallakawa zuwa wancan. Felix Wankel ya tayar da injinsa na farko a kamfanin NSU na Jamus a 1957. NSU ta fitar da mota mai suna Ro 80 a 1967, mota ce da ta sha yabo, amma waɗannan ƙarafan na tsini suka riƙa cinyewa da wuri, kamfanin yana ta canza wa mutane inji kyauta har aljihunsa ya rame. A 1969 Volkswagen ta saye shi, aka haɗe shi da abin da ya zama Audi. Su kuma mutanen Mazda da ke Hiroshima a Japan sun sayi lasisin ƙera injin a 1961, suka ci karo da matsala irin wannan: ƙarfen tsinin yana karce bangon gidan layi-layi, har injiniyoyin suka sa wa karcen suna farcen shaiɗan. Jagoran aikin, Kenichi Yamamoto, da injiniyoyinsa 47 sun yi shekaru a kai kafin su fito da Cosmo Sport a 1967. Daga nan RX-7 ta zo a 1978, aka yi ta zubi uku har 2002, RX-8 ta karɓa daga 2003 zuwa 2012. A tsakani, motarsu 787B mai alwatika huɗu ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991, karo na farko da kamfanin Japan ya ci.

Don haka ina buƙatar suna na biyu. Me za mu kira wannan ƙarfe na bakin tsini? Na yi tunanin haƙori.

Bakanike, Kaduna:
Haƙori kuma a'a, Malam. A tsakiyar alwatikar akwai giya mai haƙora na gaske, za a rikice. Ni dai ringin tsini zan ce. Na sani ba zobe ba ne, a miƙe yake, amma aikin ringi yake yi, kuma duk bakaniken da ka ce wa ringi ya mutu ya san matsi ya tafi.

Sai dai a faɗa wa mutane bambancin. A injin fistin, in ringi ya gaji za ka ga hayaƙi, mota ta rage ƙarfi, amma za ta yi ta lallaɓawa da kai wata da watanni. A nan alamar farko daban ce: da safe mota ta tashi lafiya, ka yi tafiya ta ɗau zafi, ka tsaya shan mai, ka murza makulli ta ƙi tashi sai ta huce. Mai RX-8 da ya fara ganin haka, to matsi ya fara guduwa. In kuma ringin tsini ya karye gaba ɗaya, gutsuren kan karce gidan, a mai turbo ma ya bi hayaƙi ya ɓata turbon. Gidan alwatika ba a gundura shi kamar silinda a sa fistin mai girma. Bangonsa shafaffe ne da wani ƙarfe mai tauri, in ya tafi sai sabon gida. Nan kuɗin suke.

Wani daga Maradi:
Sannunku da aiki. A wajenmu kalmomin gareji daga Faransanci suke, fulogi ma buji muke cewa, don haka na ji daɗin alwatika, ba ta Ingilishi ba ce ba ta Faransanci ba, kowa zai iya ɗauka. Tambayata: gefen ƙarfen a kumbure yake, alwatikar makaranta kuwa layinta a miƙe. Ba mu yi wa kalmar dole ba? Sannan gaskiya ne wai injin nan da gangan yake shan baƙin mai?

Malamar Hausa, Zariya:
Ɗan'uwa, suna ba ma'auni ba ne. Muna cewa ƙafar mota alhali a zagaye take. Muddin kusurwa uku ce ta fara faɗo wa mai ji, sunan ya yi aikinsa.

Mai tambaya:
Batun baƙin mai gaskiya ne, kuma shi ne abu na farko da nake so mai saye ya sani. Ringin tsini yana cikin ɗakin wuta ne tsundum, man da ke ƙasan inji ba ya isa gare shi. Don haka aka sa wani ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin, ya shafa bangon, ya ƙone tare da fetur. Mai da ke raguwa a wannan inji ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a zaro sandar gwajin mai duk shan fetur biyu, a kuma ajiye galan a but. Masu motar da yawa a Amurka da Ingila suna ƙara man haɗi irin na ƙaramin janareta a tankin fetur don ringin ya ƙara samun maiƙo. Ita kanta Mazda, a zubin RX-8 na 2009 ta ƙara bakin ɗigar mai na uku a kowace alwatika, bayan da injinan farko suka yi ta rasa matsi da wuri. A Amurka sai da ta tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000.

Abin da ke damuna shi ne mutumin da zai saye ta ya riƙe ta kamar Corolla: ya canza mai, ya manta da bonet sai wata uku. Wannan mutumin zai kashe injin da hannunsa, sannan ya ce Mazda ba ta da kyau.

Fetur kuma ba ta wasa da shi. Ɗakin wutarta dogo ne siriri, fetur ba ya ƙonewa ƙurmus, shi ya sa aka sa fulogi biyu a kowace alwatika. A ma'aunin gwamnatin Amurka RX-8 tana yin mil 16 a galan cikin gari, 22 a babban titi, wato wajen kilomita 7 zuwa 9 a lita. Injin lita 1.3 ne a takarda, amma shansa na babbar jif ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan kaɗai ya isa mutum ya sake lissafi. Hayaƙin da take fitarwa ne ma ya sa aka daina sayar da ita a Turai a 2010, don ba ta cika sabuwar dokar hayaƙi ba.

Bakanike, Kaduna:
Ƙara da waɗannan, Malam. Kada a tayar da ita da sanyi a matsar da ita daga ƙofar gida a kashe nan take. Fetur zai shaƙe ta, ya wanke maiƙon bango, ta ƙi tashi. In hakan ta faru, a taka totur har ƙasa a riƙe, sannan a murza makulli. Kwamfutar motar za ta yanke fetur har ɗakin ya bushe. Kuma ba ta son tafiyar rarrafe kullum. In ta ɗau zafi, a riƙa ba ta wuta allura ta hau sama lokaci-lokaci, in ba haka ba baƙin tokar hayaƙi zai taru ya maƙale ringin.

Koyil ɗinta huɗu ne, kuma suna gajiya da wuri. In sun yi rauni ɗanyen fetur zai shiga salansa ya toshe matatar hayaƙi, zafi ya dawo wa inji. Kayan kuɗi kaɗan su jawo asarar kuɗi mai yawa. Koyil da fulogi da waya, a canza su tare.

Amma a ƙasarmu abin da na fi tsoro zafi ne. Injin nan faifai-faifai aka jera shi, gidan alminiyam tsakanin faifan baƙin ƙarfe, da zoben roba da ke tare ruwa. Alminiyam da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai in sun ji wuta. Allurar zafi ta hau sau ɗaya tak, robar ta saki, ruwa ya shiga ɗakin wuta, sai sauke inji. Ka tuna cunkoson watan Afrilu da rana tsaka, ga al'adarmu ta cire tamostat da ɗura ruwan rijiya a lagireto. Wannan inji ba ya yafe irin haka.

Wani daga Maradi:
To duk haka suke, ko akwai mai dama-dama?

Mai tambaya:
Akwai bambanci sosai. Tsofaffin RX-7 marasa turbo, na 1978 zuwa ƙarshen shekarun 1980, su ne masu juriya. Da yawa sun wuce kilomita 200,000 da injinsu na asali a hannun masu kula. Zubi na uku da ake kira FD, mai turbo biyu, ita ce mafi kyau a ido kuma mafi cin kuɗi: ƙarƙashin bonet ɗinta zafi ne ƙwarai, ga tarin ƙananan tiyon iska da ke bushewa su tsage. Farashinta ya hau sama yanzu don masu tara motoci sun sa mata ido, kuma waɗanda aka ƙera daga 1999 zuwa 2002 na kasuwar Japan ne, sitiyari a dama, wanda dokar Najeriya ba ta yarda da shi ba. RX-8 ce mai araha, kuma arahar tata da dalili. A Ingila an sha ganin wadda kuɗin sake ɗinke injinta ya fi kuɗin motar dungurungum.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a guje ta. Injin da sassansa masu motsi uku ne rak, alwatika biyu da sanda ɗaya, abin a girmama ne, kuma Mazda ba ta yar da shi ba: a 2023 ta dawo da shi mai alwatika ɗaya a MX-30 yana cajin batir. Wanda ke da wata motar zirga-zirga, yana da hanyar odar kaya daga waje, ya kuma ware kuɗin sauke inji tun ranar saye, ya saya ya more. Wanda ita ce za ta zama motarsa tilo, ina roƙonsa ya haƙura.

A rubutun zan sa injin alwatika, in ambaci rotari sau ɗaya a farko don masu neman kaya. Sai gidan alwatika, da ringin tsini. Malama, kin amince?

Malamar Hausa, Zariya:
Na so a ce matoshin tsini, don ya fi zama Hausa tsantsa, amma masu riƙe sifana ne za su yi amfani da kalmar, na bar wa Oga. Alwatika mace ce, a kula: alwatikar gaba ta rasa matsi, ba ya rasa ba. Sandar mai doro fa?

Bakanike, Kaduna:
Kin riga kin sa mata suna, Malama: sanda mai doro. Malam, ka sa wannan a rubutunka da manyan baƙi: kada kowa ya biya kuɗin motar sai an gwada matsi injin na da zafi. Ma'aunin matsi na injin fistin lamba ɗaya yake nunawa, mafi girma, sai ya ɓoye gefen da ya mutu. Ana buƙatar ma'auni na musamman da zai ba da lamba uku a kowace alwatika, shida ke nan, tare da saurin juyin da aka gwada a kai, don Mazda a kan juyi 250 a minti take lissafin nata. Dillalin da ya kasa turo waɗannan lambobi shida, a ɗauki injin a matsayin matacce a yi ciniki a kan haka.