Maƙwabcin mai akuya ya sayi kura: ta dace da maganar zaɓe?

Ɗan Ader: Assalamu alaikum. A fadarmu ta shayi nan Tahoua akwai wani dattijo, duk sanda gardamar siyasa ta yi zafi sai ya kashe ta da "kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Nufinsa a bar kowa da gwaninsa. Ni zuciyata ba ta kwanta da wannan fassara ba. Malamai, ku haska mana.

Malamin lakwal: Wa alaikumus salam. Dattijon bai kauce ba, haka aka fi amfani da ita, ƴar'uwar "ra'ayi riga, kowa da irin tasa" ce. Bayan babban taron ƙasa na Nijar na 1991 da aka buɗe ƙofar jam'iyyu, a zamanin nan gida guda sai ka tarar uba ɗan jam'iyyar MNSD-Nassara, ɗansa ɗan PNDS-Tarayya, uwar gida tana CDS-Rahama, kuma tukunya ɗaya ake ci. Irin waɗannan maganganun ne suka riƙe zumunci.

Ɗan Ader: Malam, a duba rabinta na biyu. Kura fa aka sayo, kuma akuya na ɗaure bayan danga. Riga jikin mai ita kaɗai ta shafa. Ƙuri'a kuwa, wanda ka jefa wa in ya ci, ni ma shi zai mulke ni har wa'adinsa ya ƙare. Likita, taki, rijiya, tsaron hanya, duk tare za mu ɗanɗana. Ni gargaɗi nake ji cikinta: son ranka na iya cinye dukiyar maƙwabcinka.

Inna mai waina: Ɗana, kun manta da mu. Lokacin kamfe mace na iya ɗaura zanen wannan jam'iyya, ta je mitin na waccan saboda ƙawarta, ta karɓi sabulu da sukari wurin ta uku. Wanda ke ranta sai ta shiga bayan labule take faɗi, ita da takarda. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sabulu ba lada ba ne, kada a ɗaure talaka da shi.

Ɗalibi a Yamai: Baba Ɗan Ader na da hujja, zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ya nuna haka. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma ƙawancen jam'iyyu na AFC ya mara wa Mahamane Ousmane baya, ya ci zagaye na biyu. A 1999 Ousmane ya mara wa Tandja baya a kan Mahamadou Issoufou, a 2011 Hama Amadou ya mara wa Issoufou a kan Seini Oumarou. Zagayen farko mutum wanda yake so yake zaɓa. A na biyu da yawa suna duba wanda ba za su iya zama ƙarƙashinsa ba, su jefa wa ɗayan.

Malamin lakwal: Na ji, amma nan ne nake jin tsoro. Wa zai ce ga kurar? Lokacin tazarcen Tandja a 2009 kowane ɓangare gani yake ɗayan ne zai halaka ƙasa. In ka jefa wa mutum karin maganar nan da ma'anar Ɗan Ader, ka kira gwaninsa kura a gaban jama'a, ba zai ƙara sauraronka ba ko da gaskiya ka zo.

Ɗan Ader: Wannan haka ne, Malam, ba zan jefi kowa da ita ba. Roƙona kawai kada a rufe baki da ita. Wanda ya ce wane yake so, a tambaye shi dalili cikin mutunci, shi ma ya tambaye ni nawa.

Inna mai waina: To ku tambaya a fada, banda wurin biki da zaman makoki. Kuma ku riƙa tambayar matanku, su ma suna da dalili.