Neman shawara: mun rubuta lasisin manhajarmu da kanmu, yaya za mu kai wa OSI ta amince da shi?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu biyu muka rubuta manhajar lissafin kaya ta shagunan magani. Tana bin abin da ya shigo da abin da ya fita, tana gargaɗi idan wa'adin magani ya kusa cika, tana kuma buga rasit. Da Python muka yi ta: fuskarta da PyQt6, zanen cinikin wata da Qt Charts, rasit na PDF da PyMuPDF, bayanai a SQLite. Akwai kuma ɗan kod na karanta lambar jikin kwali da muka ɗauko a GitHub, ba mu ga lasisi a tare da shi ba. Mun dunƙule komai fayil ɗaya da PyInstaller, mun saka wa shaguna 14, kowa ya biya.

Yanzu muna so mu buɗe kod ɗin don ƙananan asibitoci su amfana, amma ba ma son wani ya kwashe, ya canza suna, ya shiga kasuwa da guminmu. Shi ne muka rubuta namu lasisin: kyauta ga asibitocin gwamnati da ƙungiyoyin agaji, sayarwa kuwa an hana. Ta wace hanya ake kai wa OSI, ƙungiyar da ke tantance lasisan buɗaɗɗen tushe, nawa ake biya, kuma wata nawa yake ɗauka?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba a biyan ko kwabo, amma kada ku ɓata lokaci, wannan lasisin ba zai wuce ba. OSI, wadda aka kafa a 1998, tana auna kowane lasisi da sharuɗɗa goma da ta samo daga ƙa'idojin Debian, wani tsarin Linux. Na farko ya ce lasisi ba zai hana kowa sayar da manhajar ko ba da ita kyauta ba. Na biyar ya hana fifita wasu mutane ko wata ƙungiya. Na shida ya hana ware wani fagen aiki, har an ambaci kasuwanci a matsayin misali. Layi biyun da kuka rubuta sun taka duka ukun. Lasisin JSON ma, wanda abin da ya ƙara a kan lasisin MIT kawai shi ne a yi alheri da manhajar kada a yi sharri, ba ya cikin waɗanda aka amince da su, saboda wannan jimla ɗaya tana taƙaita amfani.

Yadda ake bi, don amfanin masu karatu: ana aika cikakken rubutun lasisin zuwa zauren bitar lasisi na OSI, a bainar jama'a. Mai kawowa zai faɗi wane giɓi yake cikewa wanda lasisan da ake da su ba su cike ba, da wanda ya fi kama da shi, da ko lauya ya duba shi. Jama'a su yi muhawara, kwamiti ya ba da shawara, hukumar gudanarwa ta yanke, a ƙa'ida wajen kwana 60, amma duk gyaran da aka yi yana ƙara lokaci. MongoDB, kamfanin manhajar ajiye bayanai, da lauyoyinta da kuɗinta, ta kai lasisinta SSPL a Oktoban 2018, ta janye shi a Maris na 2019 da ta ga ba za a amince ba. Kuma ita OSI lasisi take dubawa, ba ta duba manhajar kowa. Da zarar kun ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ta riga ta amince da su, babu izinin da za ku jira.

Hajiya Barista:
Malam, ni abin da ya fi damuna ba OSI ba ne. Kuna zaɓen fentin ɗaki alhali filin ba naku kaɗai ba ne. Ku duba kayan da kuka lissafa ɗaya bayan ɗaya.

PyQt6 na kamfanin Riverbank Computing ne, kuma ƙofa biyu gare shi: GPL na 3, lasisin da ke wajabta ba da kod ga duk wanda aka miƙa wa manhajar, ko a sayi lasisin kasuwanci. Tun da ba ku saya ba, ta ƙofar GPL kuka shiga. Qt Charts haka yake. PyMuPDF na Artifex ne, AGPL na 3, ɗan'uwan GPL da ya haɗa da masu amfani ta intanet, ko a biya. SQLite babu matsala, masu shi sun sallama wa duniya. PyInstaller ma lafiya lau, yana da togaciyar da ta bar mutum ya dunƙule manhajarsa da kowane lasisi.

Nauyin GPL yana hawa kan mutum ne ranar da ya miƙa wa wani kwafi. Da a shagonku kaɗai kuke amfani da ita, babu wanda yake bin ku bashi. Amma kun saka wa shaguna 14, don haka kowannensu yana da haƙƙin samun cikakken kod ɗin manhajar, har da wanda kuka rubuta da hannunku, a ƙarƙashin GPL. Sashe na 10 na GPL 3 ya hana ku ɗora wani ƙarin takunkumi, sashe na 7 kuma ya ba wanda ya karɓa damar cire shi in kun ɗora. Ke nan layin nan na hana sayarwa ba ku da hurumin saka shi muddin PyQt6 yana ciki.

Wancan kod na GitHub shi ne mafi muni. Rashin lasisi ba ya nufin kyauta, yana nufin mai shi bai ba kowa izini ba. Ƙa'idojin GitHub sun ba ku damar dubawa da yin reshe, wato kwafinsa, a cikin shafin, iyakarsa ke nan. Ko dai ku rubuta wa mai shi ya saka lasisi a rubuce, ko ku cire shi ku sake rubutawa ba tare da kuna kallon nasa ba.

Ɗan Sabon Gari:
Innalillahi. Hajiya, ke nan kuɗin da muka karɓa ma bai halatta ba?

Hajiya Barista:
Ya halatta sarai. GPL bai taɓa hana sayarwa ba, ku sa farashin da kuka ga dama. Abin da kuka bari shi ne kod da takardar lasisi da ya kamata su bi kowane kwafi. Abin da ba za ku iya ba shi ne hana mai shagon da ya saya ya ba maƙwabcinsa.

Malam Mai Linux:
Hanya biyu ce a gabanku, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko: ku bar kayan yadda suke, ku saki manhajar a GPL 3. Haɗa GPL 3 da AGPL 3 ba ya karo, domin sashe na 13 na kowannensu ya yarda, sai dai sharaɗin AGPL na masu amfani ta intanet zai bi haɗin. Ku sa fayil mai suna LICENSE ko COPYING ɗauke da cikakken rubutun lasisin, ba tare da kun taɓa harafi ɗaya ba. A saman kowane fayil na kod ku sa layin haƙƙin mallaka da shekara, sai layin `SPDX-License-Identifier`. Ku kula da bambancin `GPL-3.0-only` da `GPL-3.0-or-later`. Wannan 'yar kalma tana da nauyi: zuciyar Linux tana kan GPL 2 kaɗai, shi ya sa ba a iya zuba mata kod ɗin Apache 2.0, alhali Apache 2.0 yana shiga GPL 3 ba gardama. Wannan hanya yini ɗaya ta ishe ku.

Ta biyu: in kuna son 'yancin zaɓen lasisi, sai kun fitar da duk wani GPL. PyQt6 ya koma PySide6, wanda yake LGPL 3, lasisin da ba ya tilasta muku buɗe naku kod ɗin. Sauyin ba shi da zafi sosai: `pyqtSignal` ya zama `Signal`, `pyqtSlot` ya zama `Slot`, fayilolin fuska a sake juya su da `pyside6-uic`. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne Qt Charts. Yana zuwa tare da PySide6, sai a ɗauka shi ma LGPL ne, alhali GPL ne. Ku maye shi da pyqtgraph mai lasisin MIT, ko matplotlib. Rasit kuma ReportLab zai buga muku shi, lasisinsa BSD, in akwai haɗa shafuka ku ƙara pypdf.

LGPL ma yana da nasa sharaɗin. Dole mai amfani ya iya cire laburaren Qt ya sa wanda ya gyara, manhajar ta ci gaba da aiki. Fayil ɗaya na `--onefile` yana wahalar da wannan. Ku koma `--onedir`, inda laburarorin suke zaune a fili cikin babban fayil ɗinsu, ku haɗa da rubutun LGPL da GPL duka biyu, ku kuma ambaci Qt a shafin bayanin manhajar.

Kowace hanya kuka bi, ku kunna `pip-licenses --with-license-file` a cikin keɓaɓɓen muhallin da kuke haɗa manhajar. Kun lissafa mana abu biyar, amma kowannensu yana jawo 'yan rakiyarsa. Duk inda ya nuna UNKNOWN, ku bi da hannu. Shi wannan yana karanta abin da mai laburare ya rubuta a bayanansa ne kawai, don haka ku bi bayansa da ScanCode, wanda yake leƙa cikin fayilolin. Guntayen kod da aka kwafo daga Stack Overflow kuwa babu wanda zai gano muku su sai ku, kuma suna ƙarƙashin CC BY-SA, wato akwai ambaton mai shi da sharaɗin rabawa.

Injiniya:
Ni da ni ne, hanya ta farko zan bi. Tsoronku shi ne wani ya kwashe ya rufe. MIT da BSD da Apache su ne suke ba da damar haka, domin babban abin da suke nema shi ne a bar sanarwar masu shi. GPL kuwa ya ce wanda ya sayar, sai ya ba masu sayensa kod ɗin har da gyaransa. Mai son cin bulus ba ya jin daɗin wannan kasuwar. Sannan in kuna da niyyar mayar da ita ta intanet wata rana, shaguna su riƙa shiga sabarku, ku ɗauki AGPL tun yanzu. A GPL zalla, wanda ya ɗora gyararren kwafi a sabarsa bai raba komai ba, don haka babu abin da ya wajaba a kansa. Sashe na 13 na AGPL, wanda ya fito a Nuwamban 2007, shi ya toshe wannan kafa.

Malam Mai Linux:
Injiniya, na yarda da GPL, amma a yi hattara da AGPL. Kamfanoni da yawa ba sa barin ma'aikatansu su taɓa shi, Google ma ta rubuta haka a ƙa'idojinta na fili. In suna fatan wani babban dillalin magani ya haɗa manhajar da tsarinsa, lauyansa zai tsaya a nan. Sai dai kuma muddin PyMuPDF yana ciki, sharaɗin yana bin su ko sun so ko sun ƙi. Ni zan cire shi ko da GPL za a bi, ReportLab ya isa rasit.

Hajiya Barista:
Batun canza suna da ya fi ci muku rai, lasisin manhaja ba shi ne maganinsa ba. Suna da tambari dokarsu daban. Ku yi musu rajista a ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, sannan ku rubuta gajeren bayani: kowa na iya rarraba kod, amma wanda ya gyara ba zai kira shi da sunanku ba. Sashe na 7 na GPL 3 ya yarda da irin wannan. Da haƙƙin suna da tambari Mozilla ta sa Debian ta riƙa kiran nata Firefox da suna Iceweasel daga 2006 har 2016. Wannan zai hana wani sayar da gurɓataccen kwafi da sunanku. Wanda ya sa nasa sunan, ya bar sanarwarku, ya ba da kod, bai yi laifi ba, kuma gara ku san haka kafin ku saki. In zuciyarku ba za ta ɗauka ba, ku bi hanya ta biyu ku sa irin Business Source License da HashiCorp ta koma a Agustan 2023, amma kada ku kira shi buɗaɗɗen tushe. Ku kuma tuna ba a jima ba jama'a suka ɓalle da OpenTofu daga tsohon kwafin manhajar HashiCorp ɗin, domin lasisin da aka riga aka bayar ba ya janyuwa.

Sai tsakaninku ku biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta kamar rubutaccen aiki, kuma miƙa haƙƙi sai a rubuce. Zumunci daban, takarda daban. Ku rubuta wa ya mallaki me, da cewa kun amince da lasisin tare. In ɗayanku yana aiki a wani wuri lokacin da ake rubuta ta, ya duba takardar ɗaukarsa aiki. Ranar da baƙi suka fara turo gyara, kowa shi ke da haƙƙin layukansa. DCO, wato layin `Signed-off-by` da `git commit -s` yake sakawa, shaida ce kawai cewa mutum yana da ikon bayarwa. Ba ta ba ku damar canza lasisi gobe. In kuna tunanin sayar da lasisin kasuwanci a gefe kamar yadda Riverbank take yi, sai yarjejeniyar CLA, wadda mai turo gyara ke sa wa hannu ya ba ku wannan dama, tun daga gyaran farko, kuma sai babu GPL ɗin wani a ciki.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya saka da alheri. Mun yi magana da abokin aikina, GPL 3 za mu bi, mu cire PyMuPDF da wancan kod. To shaguna 14 da suke riƙe da tsohon kwafi fa?

Hajiya Barista:
Amin. Ku gyara tun kafin a aiko muku takarda. Sashe na 8 na GPL 3 yana da sassauci wanda GPL 2 ba shi da shi: wanda ya daina saɓawa, izininsa yana dawowa na wucin gadi, ya kuma tabbata in mai haƙƙi bai yi magana ba cikin kwana 60. In an sanar da mutum karon farko, yana da kwana 30 ya gyara. AGPL 3 ma haka. Ku haɗa sabon kwafi marar wancan kod, ku maye tsohon a kowane shago, ku miƙa musu filashi ɗauke da kod ɗin daidai wannan kwafin, da fayil ɗin `.spec` na PyInstaller, da jerin laburarori da lambobinsu, da rubutun lasisan. Kada ku zaɓi takardar alkawarin kawo kod daga baya, domin tana ɗaure ku aƙalla shekara uku. Kowane mai shago ya sa hannu a littafi cewa ya karɓa, da kwanan wata da lambar kwafin.