Neman taimako: ina ake wanke tsohon fim na Super 8 a mayar da shi HD?

Abban_Hanifa:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda ya san harkar tsohon fim ya taimaka min da shawara. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muna kwashe kayan ɗakinsa sai muka ci karo da wata akwatin ƙarfe, a ciki akwai kyamarar Canon ta Super 8, wato siririn fim ɗin da ake ɗauka a gida a da, irin mai mariƙi kamar bindiga da ya sayo lokacin yana karatu a Ingila wajen 1976, da faifan fim ƙanana guda 23 da manya guda 4, in ka ɗaga zaren a haske kana ganin mutane ƙanana ƙanana a jiki. A bayan wani ya rubuta hawan sallah 1978, wani kuma sunan yayata. Sannan akwai wasu baƙaƙen kwalaye na roba guda 3 rufe ruf, an rubuta Kodachrome 40, ɗaya ma a cikin kyamarar na same shi.

Hajiyarmu tace akwai kakarmu a ciki, ni kuma wlh ban taɓa ganin ta tana motsi ba, hoto ɗaya tal muke da shi nata. Na zaga wajen masu hoto a nan Kano kowa sai yace ai an daina wannan, wani yace in kawo ya haska a bango ya ɗauka da kyamara. Shin hakan ya yi? In bai yi ba ina zan kai? Ina so ya fito tas a HD yadda za mu kalla a talabijin mu kuma tura wa 'yan uwa.

Tsohon_Mai_Kyamara:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku ya sa ya huta. Ɗana, kafin komai KADA ka buɗe kwalayen nan guda uku. Abu biyu ne a hannunka ba ɗaya ba. Faifan da kake ganin hoto a jiki an riga an wanke su, haske ba ya goge su nan take, sikanin kawai suke buƙata, wato na'ura ta kwafe hoton zuwa fayil na kwamfuta. Kwalayen kuwa ba a wanke ba, haske na taɓa zaren shikenan ya tafi. Ka duba ɗan wurin da zaren ya leƙo a gefen kwalin, in ka ga an rubuta EXPOSED to an ɗauke shi har ƙarshe, in babu to ko ba a gama ba ko ba a ma fara ba.

Maganar haskawa a bango kuma ban yarda ba sam. Na yi shekaru ina aiki da fim mai faɗin 16mm a gidan talabijin kafin bidiyo ya zo ya kore mu, na san abin da majigi ke yi wa tsohon fim. Zaren da ya shekara 40 a zafin Kano ya bushe ya ɗan tsuke, haƙoran majigi kuma ba su san da wannan ba, sai su shiga ramukan gefe su yayyaga, in ya maƙale ƙwan fitilar ya ƙona hoton nan take kana kallo. Ni kaina na taɓa ba wani yaro mai shago faifan auren ƙanina ya dawo min da shi da karce tun daga farko har ƙarshe, abin da ya ɗauka kuma sai ƙyaftawa yake tsakiya fari fat gefe duhu. Har yau abin na min ciwo.

Ka buɗe gwangwanayen ka shinshina. In ka ji tsami kamar khal to zaren ya fara lalacewa, ware wannan daban kar ya shafi sauran kuma shi za ka fara turawa. Ka fitar da su daga akwatin ƙarfen nan ka sa a ɗakin da ya fi sanyi, ba saman silin ba.

Abban_Hanifa:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wlh saura kaɗan jiya in sa wuƙa in ɓalle ɗaya in ga me ke ciki. Biyu akwai rubutun, na cikin kyamarar babu. Guda ɗaya cikin manyan yana ɗan tsami.

Maman_Sadiq_Berlin:

Sannu Abban Hanifa, Allah ya gafarta wa Baba. Maigidana yana ɗaukar Super 8 har yanzu don haka na ɗan san hanyar. Zan faɗa maka gaskiya kan Kodachrome ɗin don kar ka sa rai da yawa: ba zai fito da kala ba, ko ina ka kai shi a duniya. Shi wannan fim kalarsa ba a jikinsa take ba, wajen wanki ake saka ta da wani haɗi da ake kira K-14, Kodak sun daina yin fim ɗin gaba ɗaya a 2009, wuri na ƙarshe da ke wankewa shi ne Dwayne's Photo a Kansas ta Amurka, su ma suka rufe layin a ƙarshen 2010. Abin da ake yi yanzu a wanke shi baƙi da fari, kuma bayan shekaru haka a zafi hoton kan fito dishi-dishi, wani lokaci ma ba komai. Amma ni dai in ni ce zan gwada, kowane kwali ƙafa 50 ne wato minti 3 da sakan 20, kuma shi ne abin da Baba ya ɗauka bai taɓa gani ba.

Masu wannan aikin na tsohon fim da aka fi sani su ne Film Rescue International a Kanada, sai dai tarawa suke su wanke rukuni rukuni don haka sai ka yi haƙurin watanni. Nan Turai akwai Andec a Berlin da Super8 Reversal Lab a Hague ta Holan, ka rubuta musu imel ka faɗi sunan fim ɗin da shekarunsa da inda aka ajiye shi kafin ka tura komai.

Wani abu kuma, wanda ba a wanke ba yana tsoron na'urar haska kaya ta filin jirgi, musamman sabbin nan na CT, Kodak da kansu sun yi gargaɗi a kai. In wani zai taho da su kar ya sa a jakar da ake aunawa, ya riƙe a hannu ya roƙi a duba da hannu. Waɗanda aka wanke ba ruwansu da wannan.

Dan_Gwammaja:

ni fa inaga wahala ce kawai, akwai wata yar na'ura Wolverine ana saidawa a intanet ka saya kayi da kanka a gida tunda faifan da yawa, kudin aikawa waje da canjin dala yanzu ai sai ya fi kudin na'urar

Sani_a_Maryland:

Dan Gwammaja maganarka ta kuɗi gaskiya ce, amma na yi amfani da irinta, in don ka leƙa ka san me ke cikin kowane faifai ne to ba laifi, sai dai tana matse hoton sosai ta ba ka MP4 wanda wurin duhu duk ya dame, ba ta ɗaukar sauti, kuma zaren da ya tsuke tana yawan maƙale shi. Fuskar kaka da ake nema a gani sau ɗaya a yi shi da kyau.

Abban Hanifa ga abin da za ka tambayi duk inda za ka kai. Ka ce hoto ɗaya-ɗaya na'urarsu ke ɗauka ko haskawa suke? Ka tambayi sunan na'urar, in suka ce irin su Lasergraphics ScanStation to ka kwantar da hankali, ba ta jan zare da haƙori. Sai batun HD, shi 1920 da 1080 ne mai faɗi, Super 8 kuma 4:3 ne kamar tsohuwar talabijin, to dole a samu baƙi hagu da dama, kar ka yarda su yanke sama da ƙasa don ya cika allo, kawunan mutane da rawunan mahaya za su tafi. Ni har cewa nake a bar min gefen zaren ya fito, in yanke da kaina daga baya. In aljihu zai iya ka ce 2K, ya ɗan fi HD fitowa tas. Gudun kuma yawancin na gida hoto 18 ne a sakan, in suka saka shi a 24 ko 25 za ka ga dawakai na sauri kamar ana kora su.

Ka karɓi fayil iri biyu, ProRes na ajiya wanda ke cin wajen giga ɗaya duk minti, da MP4 na tura wa dangi a WhatsApp. Ka duba gefen zaren ko akwai siririn layi ruwan ƙasa, in akwai to mai sauti ne, tun 1973 ake yin irinsa, sai ka gaya musu don ba kowa ke ɗauka ba sai an ce.

Da ƙafa suke lissafin kuɗi. Ƙaramin faifai mai inci 3 ƙafa 50, mai inci 5 ƙafa 200, mai inci 7 ƙafa 400, ka auna naka ka san jimla kafin ka nemi farashi. Nan Amurka akwai Pro8mm a Burbank, Cinelab a Massachusetts, da Colorlab nan kusa da ni a Rockville. Kuma kar ka tura duka a ƙunshi ɗaya, raba biyu, sai na farko ya dawo ka tura na biyu. Ka rubuta a takarda cewa a dawo maka da zaren, shi ne asali.

Tsohon_Mai_Kyamara:

Duk abin da Sani ya faɗa haka ne. In ƙara ɗaya, na hawan sallar nan ba naku ku kaɗai ba ne, zamanin marigayi Sarki Ado Bayero ne, ya kamata bayan an yi ka kai kwafi ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos ƙarƙashin hukumar fim ta Najeriya. Kuma in waɗanda aka wanke ɗin ma Kodachrome ne ka yi murna, shi in an wanke an ajiye a duhu kalarsa ba ta gudu, jan kayan dogarai zai fito kamar jiya.

Abban_Hanifa:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na auna, manyan masu inci 5 ne, kenan ƙafa 800 da 1150 na ƙananan, 1950 duka, babu layin sauti ko ɗaya. Mun yi magana da yayyena za mu haɗa kuɗin. Ɗan kawuna zai koma Jamus bayan sallah, zan ba shi mai tsamin da na sunan yaya da ƙanana 10 da kwalayen uku a hannu. Maman Sadiq dan Allah in ya iso zai iya kiran maigidan ya raka shi wurin masu wankin na Berlin? Jamusancinsa bai nuna ba tukuna.

Maman_Sadiq_Berlin:

Ba komai wlh, turo min saƙo ta ciki in ba ka lambar. Ka liƙa wa kowane faifai lamba ka rubuta abin da Baba ya rubuta a bayansa a takarda daban, don fayilolin su dawo da lambobin.