Wane laburare ya dace da karanta rasit daga hoto?

Nura: Assalamu alaikum, yayyena da malamaina na wannan zaure. Wata ƙungiyar dillalan hatsi a nan Daura ta ba ni aikin haɗa manhajar da za ta riƙa karanta rasit daga hoton da aka ɗauka da waya, ta fitar da sunan mai kaya da yawan buhuna da kuɗin da aka biya. Da Python nake aiki. Ina neman shawararku kan laburare, wato tarin umarnin da aka riga aka rubuta wanda manhaja ke kira: shin na Google Cloud Vision zan ɗauka, ko kuwa boto3 domin Amazon Rekognition?

Injiniya Kabir: Wa alaikumus salam, Malam Nura. Tunda rubutu za ka karanta, ka ɗauki google-cloud-vision, ka kira document_text_detection maimakon text_detection, domin shi aka tanada don takarda mai cike da rubutu, har da na hannu. Rekognition ya fi dacewa da gane fuska da abubuwa, kuma kalmomi 100 kawai yake fitarwa daga hoto ɗaya. Idan Amazon kake so dole, Textract ne na takardu.

Malam Lawal: Ƙanena, kafin ka damu da zaɓen laburare, ka fara damuwa da inda za ka ajiye mabuɗin asusunka, wato bayanan sirrin da ke ba manhaja izinin yin aiki da sunanka, domin a nan ne aka cuce mu. Mun taɓa ba wani matashi kwangilar irin wannan aiki a Katsina, na karanta takardun rajistar ɗalibai. Ya kawo manhaja tana aiki lafiya, muka biya shi, ashe ya cusa fayil ɗin JSON mai ɗauke da mabuɗin a cikin manhajar wayar kanta, wadda malamai suka riƙa tura wa juna ta WhatsApp. Duk wanda ya iya warware fayil ɗin manhajar zai ga mabuɗin a fili. Ba mu ankara ba sai da lissafin ƙarshen wata ya zo da dubban hotunan da ba namu ba, kuma da dala ake biya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ya tabbatar mana cewa ya sa iyakar kashe kuɗi, alhali abin da ya sa faɗakarwa ce kawai. Faɗakarwar kasafi saƙo take aikowa, ba ta tsayar da aiki. Abin da ke tsayar da aiki shi ne ka rage adadin buƙatun da aka yarda asusun ya aika a shafin kaso (Quotas). Saboda haka waya ta tura hoto zuwa sabarka, wato kwamfutarka da ke kan intanet tana karɓar buƙatun manhajar, sabar ce kaɗai za ta san mabuɗin, kuma laburaren zai ɗauko shi da kansa idan ka nuna masa wurinsa ta GOOGLE_APPLICATION_CREDENTIALS. Kada mabuɗin ya shiga GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, ko da na minti ɗaya ne, domin akwai masu sintiri a can ba dare ba rana suna neman irinsa.

Hajiya Rabi: Allah ya mayar da alheri, Malam. Ni kuma tambayata ita ce, dillalan sun san cewa rasit mai ɗauke da sunayensu da lambobin wayarsu zai fita zuwa kwamfutocin wani kamfani a ƙasar waje? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi wannan, kuma ya kamata a gaya musu tun farko.

Sadik: Ni ban ga amfanin laburaren ba. Nura ya mayar da hoton base64, wato tsarin da ke mayar da fayil haruffa, ya aika wa Google kai tsaye da requests, kayan aika buƙata na Python, aiki ya ƙare.

Injiniya Kabir: Malam Sadik, ban yarda da kai ba. Laburaren ne ke sabunta izinin shiga idan ya ƙare, shi ne kuma ke sake gwadawa idan layi ya yanke, kuma kowa ya san halin intanet ɗinmu. Wanda ya bar shi zai koma ya rubuta waɗannan duka da hannunsa.

Sadik: Yana da nauyi a ƙaramar sabar, Injiniya, saboda tarin abubuwan da yake janyowa.

Injiniya Kabir: Nauyin saukarwa sau ɗaya ne, wahalar gyara kuwa ta kullum ce.

Malama Zainab: Nura, abu biyu daga aikin da na yi. Ka rage girman hoto da Pillow, laburaren sarrafa hoto, kafin ka aika, domin hoton waya yana cinye data a banza, kuma faɗin 1024 da tsayin 768 shi ne mafi ƙanƙantar da Google ke ba da shawara don rubutu. Sannan ka riƙa duba response.error.message bayan kowane kira, saboda karanta hoto na iya gazawa, amsa ta dawo babu komai ba tare da manhajarka ta tsaya ba. Ka kuma gwada da ainihin rasit ɗin kasuwa, wanda ya sha ninki a aljihu, biro ya dushe, tambarin ƙungiya ya hau kan adadi. A irinsa na ga 7 ta zama 1, ƙ ta zama k. A harkar buhuna wannan rigima ce, don haka a bar wa magatakarda wurin tabbatarwa kafin a ajiye.

Nura: Na gode, Malama. To batun kuɗi fa?

Malama Zainab: A Google, ayyuka 1,000 na farko a kowane wata kyauta ne, amma kowane aiki da ka nema a kan hoto ana ƙirga shi daban. Idan ka haɗa karanta rubutu da gane abubuwa, hoto ɗaya ya zama biyu a lissafi.

Malam Lawal: Ranar kasuwar Mai'adua, da jama'a suka cika, layi ba ya ɗaukar hoto. Manhajar ta ajiye su a waya, idan an dawo gari ta tura, kuma sabar na iya haɗa har 16 a buƙata ɗaya.

Sadik: Shi ya sa Tesseract, manhajar karanta rubutu da ke aiki a kwamfutarka, ya fi, ba ya buƙatar intanet ko dala.

Malama Zainab: A kan bugun inji yana ƙoƙari, Malam Sadik, amma rasit ɗin dillalai da hannu ake cika shi.

Nura: Zan ɗauki rasit na gaske in gwada Google da Tesseract duka. Sai dai asusun Google yana neman katin biya kafin a buɗe shi, ko akwai wanda katinsa na naira ya shiga a 'yan kwanakin nan?

Hajiya Rabi: Ka buɗe da sunan ƙungiyar, Nura, ba da katinka ba. Kuma har yanzu ba a amsa mini batun sanar da dillalan ba.