Sojojin Nijar: ceto suka yi ko ƙwace?

Malam Habu: Ni dai ina nan a kan bakana, juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ceto ne. Sojojin Faransa sun tattara nasu ya nasu kafin shekarar ta ƙare, na Amurka ma sun bar sansanin Agadez a 2024. Wace gwamnatin farar hula ce ta taɓa wannan ƙarfin hali?

Hajiya Rabi: Malam, a duba wanda ya yi aikin. Janar Tiani tun 2011 yake shugabantar rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa har zuwa lokacin juyin mulkin. Wanda aka ba amanar tsare ran Shugaba Bazoum, shi ya kulle shi, sama da shekara biyu babu shari'a. Wannan abin yana ci mini rai.

Sule: Amma Hajiya, talakawa sun fito! A watan Agusta filin wasa na Seyni Kountché ya cika maƙil, ga tutoci ga kirari. Lokacin da ECOWAS ta rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, talaka ne ya kwana a duhu, kuma bai juya wa sojoji baya ba.

Hajiya Rabi: Ƙanena, takunkumin nan zalunci ne, ban musa ba. Sai dai taro ba ya zama hujja. Shugaba Tandja ma ya tara jama'a a 2009, ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki, ya yi ƙuri'ar raba gardama don tazarce. Salou Djibo ya kifar da shi a Fabrairun 2010, ya shirya zaɓe, ya miƙa mulki a 2011 ya koma gefe. Da wannan nake auna soja. Yanzu fa? A Maris 2025 an rantsar da Tiani na shekara biyar, an rusa jam'iyyu kaf.

Malam Habu: Jam'iyyun me suka tsinana wa talaka?

Hajiya Rabi: Ko ba su tsinana komai ba, ana iya kayar da su a akwati. Idan Tiani ya gaza wajen tsaron Tillabéri, ta wace hanya za ka sauke shi?

Sule: Wannan tambayar ta shige ni, Hajiya. Amma kada a koma gidan jiya.

Malam Habu: A ba su shekara biyar ɗin mu gani.

Hajiya Rabi: Ka leƙa Mali, Malam. Shugaban mulkin sojan ƙasar, Goita, ya yi alkawarin za a yi zaɓe a Fabrairun 2022, yau nasa wa'adin shekara biyar ne da za a iya sabuntawa.