Kwas ɗin sabunta tuƙi ga direban tirela: in biya ko in haƙura?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Shekarata 14 ina jan tirela, yawanci kwantena nake ɗauka daga tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas zuwa Kano. Wani kamfani ya ce zai ɗauke ni aiki, amma sai na kawo takardar kwas na tuƙin kiyaye haɗari wadda ba ta wuce shekara biyu ba. Lasisina bai mutu ba, katin LASDRI (cibiyar horar da direbobi ta jihar Legas) ma na sabunta shi bana, duk suka ce bai wadatar ba. Makarantar da suka nuna min kwana uku ce, naira dubu 45, daga aljihuna, kuma zan rasa lodi guda. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah akwai abin da ake ƙaruwa da shi ko takarda kawai ake saya?

Mai Daf: Wa alaikumussalam. Ka je ka yi katin LASDRI tukuna, shi ake tambaya a Legas.

Ɗan Agege: Yaya, ai na ce ina da shi.

Na Mile 12: Dubu 45 ta yi yawa. Ni dubu 20 na biya a Ikeja, yini ɗaya, har da shinkafa.

Injiniya: Na yini ɗaya lacca ce kawai, ba a fita da mota. Namu da kamfani ya biya mana ya haura dubu 100 kowane mutum. Kuma wallahi na ƙaru. Malamin ya jera mutum huɗu a gefen dama na kan motar, ya ce in hau in ƙirga. Biyu na gani a madubi, biyu sun ɓace gaba ɗaya, alhali kusa da tayata suke. Tun ranar ba na karya kwana a Oshodi sai na leƙa sau biyu, don nan ne ɗan acaba yake maƙalewa. Ya kuma yi mana lissafi: a gudun kilomita 60, wanda shi ne iyakar tirela a babban titi, kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa ɗaya. Ka duba waya na daƙiƙa biyu, ka wuce tsawon motarka ido rufe.

Baba Mai Tanka: Yaro, bari in ba ka labarina, sai ka yi hukunci. Na yi kwas ɗin nan har sau uku, takarduna suna nan cikin leda. An koya mana tsiyaye ruwan tankin iska kullum da safe, an koya mana saka ƙaramar giya kafin a shiga gangara, kada a yi ta dannan birki ana saki har iska ta ƙare. Duk na riƙe. Sai birkin motata ya fara sanyi, na rubuta wa manaja sau biyu. Ya ce in yi wannan zuwan, in na dawo a gyara. Ina da 'ya'ya bakwai, na hau. Muna gangarowa daga gada da yamma, an yi yayyafi, wata danfo, wato bas ɗin haya, ta ci birki a gabana don ɗaukar fasinja. Na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa. Na ja sitiyari na ba ta gefen titi, amma gindin motar ya sharɓe danfon. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, wata mata dai ta karye a cinya, har yau ina jin kukanta. Wata biyar na yi a tsare. Da aka zauna, takardar kwas ɗin nan kamfani ya ɗaga, suka ce mun horar da shi, ya san bai kamata ya fita da mota mai matsala ba. Takardun da na rubuta wa manaja kuwa aka ce ba a gan su ba. Aka sallame ni ko sisi babu. Takardar nan garkuwarsu ce, ba taka ba.

Ɗan Agege: Innalillahi. Allah ya saka maka, Baba.

Injiniya: Amin. Amma Baba, da girmanka, abin da aka koya maka ne ya sa ka ba ta gefe maimakon ka hau kan danfon.

Baba Mai Tanka: Wannan a wurin maigidana na koya, ina yaron mota, kafin a kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988. Kai shekara nawa ka yi a hanya? Ka taɓa kwana a Ogere, zangon manyan motoci a hanyar Legas zuwa Ibadan, da taya fashe?

Injiniya: Shida ne, Baba. Amma waɗanda suka ƙone a gadar Otedola a watan Yunin 2018, da waɗanda kwantena ta danne a Ojuelegba a Janairun 2023, ba su tambayi shekarun direba ba. Direbobi nawa ne a nan suke sauka su taɓa makullan kwantena huɗun nan da hannunsu kafin su fito daga tashar jirgin ruwa?

Sarkin Keke: Ni dai a koya muku kunna sigina, shi kaɗai ya ishe mu 😂

Mai Daf: Ji mai keke yana koya wa masu taya 18 tuƙi. Ku da kuke shiga ƙarƙashin mota kamar kaji!

Na Mile 12: A bar wasa. Abu ɗaya da na tsinta a nawa kwas ɗin shi ne karanta lambobi huɗu na jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Na je na duba tawa, na tarar ta girmi ɗana na firamare. Na nuna wa oga, ya ce zanenta bai cinye ba tukuna.

Baba Mai Tanka: To kun ji. Masu motocin ya kamata a zaunar a aji.

Mai Daf: Ni abin da ke ci min rai, ana ce mana a yi barci isasshe kafin a kama hanya. A ina? Da aka kawo Eto, manhajar ba manyan motoci izinin shiga tashar jirgin ruwa, a 2021 mun ce layin shiga tashar Apapa ya ƙare. Makon jiya kwana biyu na yi tsakanin Mile 2 da Coconut, in na rufe ido a buga ƙofa a ce matsa gaba, in na matsa wani ya tare da sanda ya ce kawo na shayi. Shinge biyar na biya. Na fito da lodi ido jawur, maigida yana kira wai jibi yake son kaya a Kano.

Na Mile 12: Biyar? Ka ci sa'a. Ni takwas na ƙirga, kuma yarona sai da aka fasa masa baki don ya ce a ba shi rasit.

Ɗan Agege: Jama'a, ranar Litinin za a rufe karɓar suna. In biya kuɗin?

Injiniya: Ka tambaye su ko ana fita da mota. In ana fita, ka biya.

Mai Daf: Na Mile 12, a wane shingen aka daki yaron? In na kusa da gadar nan ne, ni ma su ne suka cire min madubi.